Kafuwar Ƙawancen Gargaɗi kan Duwatsun Samaniya

Ƙawancen ƙasa da ƙasa na gargaɗi kan duwatsun samaniya, wanda ake taƙaita sunansa da IAWN, ya samo asali ne daga taron da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kan sararin samaniya a birnin Biyana a 1999, inda aka ba da shawarar ƙasashe su haɗa kai wajen sa ido kan duwatsun da ke kewaya rana, waɗanda hanyar wasunsu kan gitta ta duniya. A 2001 aka kafa kwamitin masana don tsara aikin, amma sai da ya shafe fiye da shekara goma kafin ya miƙa shawarwarinsa. Ana cikin zama kan su a Biyana, ranar 15 ga Fabrairu 2013, wani dutse mai faɗin kimanin mita 20 ya fashe a sama da birnin Celiyabinsk na Rasha ba tare da kowa ya hango shi ba, kuma mutane kusan 1,500 suka ji rauni, akasarinsu daga gilasan tagogi. Babban Zauren Majalisar ya amince da shawarwarin a Disamba 2013, ƙawancen kuma ya yi zamansa na farko a Janairu 2014 a Amurka.

Ƙawancen bai mallaki madubin hangen nesa ko ɗaya ba, domin yarjejeniya ce ta sa-kai tsakanin hukumomin samaniya, jami'o'i da masu duban taurari, kowa na aika abin da ya hango zuwa cibiyar da ke tattara bayanan ƙananan duwatsu, sannan masana su lissafa hanyar dutsen. Ƙa'idar ƙawancen ita ce a fitar da sanarwa idan dutse ya haura mita 10 kuma yiwuwar faɗowarsa ta wuce kashi 1 cikin 100. An gwada wannan ƙa'ida a Janairu 2025 kan dutsen 2024 YR4, wanda yiwuwar ya bugi duniya a 2032 ta kai kashi 3 cikin 100, Afirka na cikin layin da ake tsoro, kafin ƙarin awo ya kawar da barazanar.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan al'amari. Ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin ƙasar Katsina, ƴan takuna kaɗan daga wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa, kuma daga baya bincike ya tabbatar cewa daga duniyar Mas ya fito. A 1991 wani mai kilo 110 ya faɗo a jihar Tawa ta Nijar.

A nan ne raunin tsarin yake, domin sanarwar ƙawancen ga gwamnatoci take zuwa ta ofishin Majalisar mai kula da harkokin samaniya, kuma isar da ita ga mazauna Sabon Gari a Maraɗi, ko ga manoman Tibiri da Jiratawa, nauyi ne da ke wuyan hukumomin ƙasa, gidajen rediyo da sarakunan gargajiya. Ya dace Nijar ta tanadi wannan hanya da harshen Hausa tun babu wata barazana.