Daga Wasiƙar Bose zuwa Kubit na Ƙwayoyin Zarra

A shekarar 1924, wani malamin fiziks a Jami'ar Dakka, Satyendra Nath Bose, ya aika wa Albert Einstein takarda kan sabuwar hanyar ƙidayar ƙwayoyin haske. Einstein ya fassara ta zuwa Jamusanci aka buga, sannan ya gwada lissafin a kan ƙwayoyin zarra. Ya gano cewa idan aka sanyaya iskar gas matuƙa, ƙwayoyinta za su taru a hali guda, su zama tamkar abu ɗaya.

Shekara saba'in aka yi ba a ga wannan da ido ba, domin sanyin da ake bukata ya kusa iyakar sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifiri. Zafi dai motsin ƙwayoyi ne, don haka sanyaya su na nufin rage musu gudu. A 1985 Steven Chu da abokan aikinsa suka yi hakan da hasken leza, suna haska ƙwayoyin daga fuskoki shida har suka koma tafiya kamar ƙuda a cikin zuma. A watan Yunin 1995, a Boulder ta Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman suka tabbatar da hasashen Einstein da ƙwayoyin rubidiyam kimanin 2,000. Su biyu da Wolfgang Ketterle suka karɓi kyautar Nobel a 2001.

A nan batun kwamfuta ya shigo. Bit na kwamfutar yau ko dai 0 ne ko 1, amma kubit yana iya riƙe haɗin biyun lokaci guda. Matakai biyu na kuzarin ƙwaya ɗaya sun isa su zama kubit, kuma ƙwayoyin rubidiyam iri ɗaya ba su da bambanci ko kaɗan, abin da babu masana'antar da za ta iya ƙerawa. Matsalar ita ce ba su cika kula juna ba, alhali lissafi ba ya yiwuwa sai kubit ya shafi ɗan'uwansa. A 2000 Dieter Jaksch, Peter Zoller, Mikhail Lukin da wasu suka ba da shawarar a ɗaga elektiron can nesa da cibiya, ƙwayar ta kumbura har ta hana maƙwabciyarta yin haka. An gwada dabarar a 2010, ta yi aiki.

Abin lura, na'urorin yau ba taron da Einstein ya hasasa suke amfani da shi ba. Dabarun sanyayawar suka gada. Tun 2016 masana a Harvard da Faransa suke kama ƙwayoyi ɗai-ɗai da tsinken haske suna jera su. A ƙarshen 2023 ƙungiyar Lukin ta sarrafa ƙwayoyi har 280, ta kuma haɗa wasu daga cikinsu zuwa kubit 48 masu iya gano kuskure.