Katunan sabbin 'yan wasan besbol: Tarihi, farashi da kasada

Tara katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasan besbol al'ada ce da ta haura shekara 130 a Amurka, wadda ta faro a matsayin abin wasan yara, ta kuma rikiɗe ta zama kasuwar miliyoyin daloli.

Katin da aka fi nema shi ne na sabon shiga, wato wanda aka buga a shekarar da ɗan wasa ya fara bayyana a babbar gasar ƙasar. Masu ƙaramin jari sun fi karkata ga matasan da suka haɗa ƙarfin bugu da saurin gudu, da fatan sayen katinsu da araha kafin su yi suna.

Ƙarfi da gudu

Ana buga besbol ne tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowacce da 'yan wasa tara. Mai jifa yakan jefo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da gora, sannan ya yi ƙoƙarin zagaya zanguna huɗu da ke da tazarar kimanin mita 27 tsakaninsu.

Ana auna ƙarfin ɗan wasa da yawan bugun da ya tsallake katangar fili, wanda ke ba shi damar zagaya zangunan ba tare da tsangwama ba.

Gudu kuwa ana auna shi da satar zango, wato ɗan wasa ya shammaci mai jifa ya ruga zuwa zango na gaba kafin a tare shi.

Ba kasafai ake samun mai baiwar biyu ba, domin masu ƙarfin bugu galibi jibga-jibga ne. Ken Williams ne ya fara yin bugu 30 da sata 30 a kaka guda, a shekara ta 1922.

Ya zuwa ƙarshen kakar 2024, mutum shida kacal suka kai 40 a kowane ɓangare: Jose Canseco a 1988, Barry Bonds a 1996, Alex Rodriguez a 1998, Alfonso Soriano a 2006, Ronald Acuna a 2023, sai ɗan ƙasar Japan Shohei Ohtani, wanda ya yi bugu 54 da sata 59 a 2024.

Daga taba zuwa cingam

Kamfanonin taba sigari ne suka yaɗa katunan a shekarun 1880, inda suke cusa su a cikin kwalin taba. Daga baya kamfanonin cingam suka karɓi sana'ar, kuma kamfanin Topps, wanda ya shiga harkar a 1951, ya saye abokin gogayyarsa Bowman a 1956.

Yara sun riƙa musayar katunan suna wasa da su, iyaye kuma suna zubarwa. Wannan ne ya sa masu kyau daga cikin tsofaffin suka yi ƙaranci.

A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. A cikin watan ne kuma aka sayar da na Honus Wagner, wanda wani kamfanin taba ya fitar tsakanin 1909 da 1911, a kan dala miliyan 7.25.

Abin da ke yanka farashi

Bajintar ɗan wasa kaɗai ba ta sa kati tsada. Abu na farko da dillalai ke dubawa shi ne yawan da aka buga.

Ɗan wasa guda na iya samun kati iri-iri a shekara ɗaya. Akwai gama-gari da ake bugawa da yawan gaske, akwai masu lamba da aka ƙayyade adadinsu, akwai kuma masu ɗauke da sa hannunsa.

Mike Trout, wanda ya yi bugu 30 da sata 49 a 2012, misali ne. An sayar da wani katinsa na 2009, wanda shi kaɗai ne irinsa, a kan fiye da dala miliyan 3.9 a 2020, alhali katunansa na gama-gari ba su kai ko kusa da hakan ba.

Abu na biyu shi ne lafiyar katin. Kamfanonin tantancewa irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, suna duba kusurwoyi da gefuna da fuskar kati, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba. Mai maki 10 kan ninka mai maki 9 kuɗi, amma kuɗin tantancewar kan fi darajar kati mai araha.

Tun daga 2006 ake buga tambarin RC a kan katin sabon shiga domin rage gardama.

Darasin shekarun 1990

Daga wajejen 1987 zuwa 1994 kamfanoni sun cika kasuwa da katuna, jama'a kuma suka riƙa saye suna ɓoyewa a matsayin jari.

Da yake kowa ya adana nasa, babu abin da ya yi ƙaranci. Yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa aka soke wasannin ƙarshe na shekarar, ya ƙara sanyaya gwiwar masu saye, farashi ya faɗi warwas.

Katin sabon shiga na Canseco na 1986 yana cikin waɗanda aka yi rububinsu a lokacin. Darajarsa ta zube, kuma a 2005 shi da kansa ya amsa a cikin wani littafi cewa ya yi amfani da magungunan ƙara kuzari.

Lamarin ya yi kama da na masu ajiyar albasa a Aliero ta jihar Kebbi, waɗanda ke saye da araha a lokacin kaka su jira tsada. Idan kowa ya cika rumbunsa, ribar da ake jira ba ta zuwa. Sai dai ita albasa abinci ce, shi kuwa kati ba shi da wani amfani idan masu sha'awarsa suka juya baya.

Kasadar da ke ciki

Gudu yana saurin gushewa sakamakon shekaru ko rauni. Grady Sizemore ya yi bugu 33 da sata 38 a 2008, amma raunuka suka dusashe tauraronsa. Acuna ma ya tsinke jijiyar gwiwa sau biyu, a 2021 da 2024.

Dokokin wasan ma suna sauya ma'auni. A 2023 an ƙara girman zanguna, aka kuma taƙaita sau nawa mai jifa zai iya yunƙurin kama mai shirin sata. Adadin satar zango ya tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503 a 2023, don haka sata 30 ba ta da wuyar da take da ita a da.

Akwai kuma batun rufaffen ƙunshi, wanda mai saye ke biya ba tare da sanin katin da ke ciki ba. A shekarun 1990 an kai kamfanoni ƙara a Amurka bisa zargin cewa hakan caca ce, amma kotuna suka yi watsi da ƙararrakin.

Ga Musulmi, batun ya taɓo abin da malaman fiƙihu ke kira garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kamar sayar da kifi a cikin ruwa. Wanda ya sayi kati guda da ya gani da idonsa ya san hajarsa, ko da yake bai san abin da farashinta zai zama gobe ba.

Kasuwar ta sake bunƙasa a lokacin annobar korona a 2020 da 2021, sannan farashin katuna da dama ya sauka daga baya. A watan Janairun 2022 kamfanin Fanatics ya saye sashen katuna na Topps a kan kimanin dala miliyan 500.