Sule biyar na tsoho: tarihin kuɗin kashewa a gidajen tsofaffi na Ingila

Akwai wata doka a Ingila da nake so malamai da iyaye su san tarihinta. Idan tsufa ya kayar da mutum aka kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma hukuma ce ke taimaka masa da kuɗin zama, to ana karɓar fanshonsa a zuba cikin biyan, amma dole a bar masa wani abu a aljihu kowane mako. A 2024 fam 30 ne da kwabo 15, wato jika ashirin da ɗoriya a kuɗinmu na sefa. Da su zai sayi tufafi, ya yi aski, ya ba jikoki tsaraba.

Don a gane dalilin wannan ɗan kuɗi, sai an koma 1834. A shekarar aka yi sabuwar dokar matalauta, wadda ta baza gidajen aikin talakawa a ƙasar. Da gangan aka tsananta zama a cikinsu don kada kowa ya yi sha'awar shiga: ana raba miji da mata, a sa wa mutum rigar gidan, ya ci abin da aka ba shi. Tsohon da ba shi da mai riƙe shi, nan yake ƙarewa, ba ko kwabo da zai ce nasa ne. Fanshon tsufa na farko, sule biyar a mako ga mai shekara 70, sai a 1909 aka fara biyan sa.

A 1948 aka soke dokar matalauta. An ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da masauki ga tsofaffi, da sharaɗin mai zama ya biya. Fansho a lokacin sule 26 ne a mako: 21 kuɗin zama, biyar na aljihu. A ganina hikimar tana nan. Wanda yake biya daga fanshonsa, kuma yana da na kashewa, ɗan haya ne, ba almajiri ba.

Sai dai a wannan shekarar aka raba hanya biyu. Jinyar asibiti ta zama kyauta ga kowa, amma kulawar yau da kullum, kamar wanka da ciyarwa, sai an auna dukiyar mutum. Da fari abin bai dami mutane da yawa ba, don galibin ma'aikata haya suke yi. Daga 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen hukuma damar saye, masu gidan kansu suka yawaita. Da suka tsufa, sai gidan ya shiga lissafi.

Tun 2010 ƙa'idar ba ta motsa ba: wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya duka. Ba a lissafa gidan a makonni 12 na farko, haka ma idan mata ko miji, ko ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, yana zaune a ciki. In ba haka ba, ko a sayar, ko hukuma ta biya a matsayin bashi, ta cire bayan an sayar da gidan ko bayan rasuwa. Mai irin wannan bashi yana iya riƙe har fam 144 a mako, saboda gidan na buƙatar gyara da inshora. Idan kuɗin gidan suka ƙare, sai ya koma kan ɗan na aljihun da kowa ke samu.

An sha alkawarin sa iyaka. Kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawarar kada kowa ya biya fiye da fam 35,000 a rayuwarsa, a 2011. Boris Johnson ya sanar da 86,000 a 2021. Aka yi ta ɗagawa, har sabuwar gwamnati ta soke shirin a Yulin 2024. Kuɗin aljihun ma ya tsaya cik a fam 24 da kwabo 90 daga 2015 zuwa 2022, alhali kaya na ta tsada.

Mu a Maraɗi ko Damagaram, tsofaffinmu a gida muke riƙe su, kuma Allah ya sa mu dore. Amma ina ganin abin da Turawan 1948 suka gano ya shafe mu. Ana iya ciyar da kaka, a tufatar da ita, a sai mata magani, duk da haka sai ta roƙi ɗanta kafin ta sayi goro ko ta kai gudummawar suna. Idan kuna tsara kuɗin cefane na wata, ku ware nata daban, ku damƙa mata a hannu, kada kuma a tambaye ta me ta yi da su.