Dillancin intanet: yadda la'ada take fitowa daga waya, da inda ake cutar mutane

Dillancin intanet yarjejeniya ce tsakanin mai kaya da mai jama'a. Mai kaya yana da abin sayarwa, shi kuma mai jama'a yana da shafin labarai, ko zauren WhatsApp, ko mabiya a Facebook da TikTok. Mai jama'a zai tallata kayan, duk wanda ya saya ta hanyarsa sai mai kaya ya ba shi la'ada. Idan ba a saya ba, ko dala ba ya samu. Da Faransanci ana kiran wannan tsari affiliation, kalmar da matasan Maraɗi suke yawan gani a saƙonnin da ke yi musu alƙawarin samun kuɗi da wayar salula.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Dillalin kasuwar dabbobi da ke haɗa mai akuya da mai saye, da dillaliyar da ke shiga gida-gida da atamfa da kwanukan jere, duk a kan wannan ƙa'ida suke: a haɗa ciniki, a karɓi la'ada. Abin da intanet ta ƙara shi ne na'urar da ke tuna wanda ya kawo mai saye, ko da mutanen uku ba su taɓa ganin juna ba.

Su wane ne ke cikin harkar

Na farko shi ne mai talla, wato kamfani ko ɗan kasuwar da ke da kayan. Shi ke yanke farashi da yawan la'ada, shi ke kai kaya, shi ke karɓar koke. Na biyu shi ne dillali, mai shafi ko mai mabiya, wanda jarinsa shi ne yardar da mutane suka yi da maganarsa. Na uku shi ne mai saye. A ƙa'ida ba a ƙara masa komai a kan farashi, domin la'adar daga ribar mai kaya take fita. Wannan ya sha bamban da kasuwar dabbobi, inda la'ada kan fito daga aljihun mai saye, ko mai sayarwa, ko duka biyun, gwargwadon al'adar wuri.

Sau da yawa akwai na huɗu: kamfanin tsakiya da ke tara masu talla da dillalai a dandali ɗaya, yana ƙidaya ciniki, yana karɓar kuɗi daga wannan yana biyan wancan, yana cire nasa kason. Manyansu a duniya sun haɗa da Awin, CJ, Rakuten Advertising da ClickBank. Matsayinsu ya yi kama da na maigidan fatake a zango, wanda ke tsaya wa baƙo da ɗan gari don kada wani ya cuci wani.

Yadda ake gane wanda ya kawo ciniki

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko ita ce mahaɗa ta musamman, wato adireshin intanet da ke ɗauke da lambar dillali. Idan mutum ya latsa ta, shafin mai kaya zai ajiye wata ƴar alama a wayarsa, wadda ake kira kuki. Alamar tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ne. Wasu kamfanonin suna ba da kwana 30 ko fiye. Idan mutumin ya saya kafin wa'adin ya cika, la'ada ta dillalin ce. Idan ya wuce, ko ya goge alamar, ko ya koma ya saya da wata wayar, dillali ya yi aikin banza.

Akwai kuma ƙa'idar latsin ƙarshe. Idan mai saye ya bi mahaɗar mutum biyu, yawancin kamfanoni na ƙarshen suke biya, ko da na farkon ne ya sha wahalar bayani. Wani ya yi noma, wani ya yi girbi.

Hanya ta biyu ita ce lambar rangwame, wadda aka fi sani a nan da code promo. Ana ba dillali wata kalma ko lamba tasa shi kaɗai. Mai saye ya ambace ta lokacin biya, a rage masa wani abu, a rubuta wa dillali la'adarsa. Ita ta fi dacewa da kasuwancinmu, domin ba ta buƙatar shafin intanet. Littafin rubutu da biro sun isa.

Ire-iren la'ada

Wadda ta fi yawa ita ce la'adar ciniki: kaso daga kuɗin abin da aka saya. A Amazon, yawancin kaya suna tsakanin kashi 1 zuwa kashi 10 cikin 100. Kayan da ba a ɗauka a hannu, kamar littafin waya, manhaja ko darussan bidiyo, la'adarsu takan kai rabin kuɗin ko ta wuce, saboda mai su ba ya kashe komai wajen ƙara kwafi ɗaya.

Akwai la'adar rajista, inda ake biyan kuɗi tsayayye a kan duk wanda ya buɗe asusu, ya cika takarda ko ya sauke manhaja. Akwai ta latsi, inda ake biya a kan kowane latsi ko an saya ko ba a saya ba. Wannan ta ragu a harkar dillanci saboda yawan maguɗi. Akwai kuma la'ada mai ɗorewa, inda dillali ke ci gaba da samun kaso muddin wanda ya kawo yana biya duk wata.

Taƙaitaccen tarihi

Ana danganta farkon tsarin da wani Ba'amurke, William Tobin, wanda kamfaninsa na sayar da furanni, PC Flowers & Gifts, ya fara biyan kaso a kan ciniki ta hanyar sadarwar Prodigy a 1989. A 1994 kamfanin faya-fayen waƙa na CDNow ya buɗe nasa shirin. Amma wanda ya yaɗa abin a duniya shi ne Amazon, da ya buɗe shirin Associates a watan Yulin 1996, ya ba kowane mai shafi damar tallata littattafai ya karɓi kaso. A yammacin Afirka, Jumia, da aka kafa a Legas a 2012, da Konga, sun buɗe irin wannan shiri. Haka ma Selar, dandalin Najeriya na sayar da littattafan waya da darussa.

Yadda abin yake a Maraɗi

Matashin da ke son yi wa manyan kamfanonin waje dillanci daga Maraɗi yana fuskantar shinge uku.

Na farko, kai kaya. Jumia tana aiki a Najeriya, Ghana, Senegal da Kodebuwa, amma ba ta aiki a Nijar. Idan mabiyanka mutanen Maraɗi ne kuma kamfanin ba ya kawo musu kaya, tallanka ba zai zama ciniki ba. Masu mabiya a Katsina da Kano suna da dama a nan, tunda harshe ɗaya ne kuma bidiyo ba ya tsayawa a Ɗan Isa. Sai dai la'adar da naira za ta zo, kuma darajarta a sefa tana hawa da sauka.

Na biyu, karɓar kuɗi. Kamfanonin waje suna biya ta asusun banki, Payoneer ko PayPal, alhali a nan kuɗi sun fi yawo ta NITA, Amana, Al Izza, Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash. Kafin mutum ya ɓata wata uku yana talla, ya fara tabbatar da cewa hanyar biyan tana isowa Nijar.

Na uku, jira. Amazon tana biya kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi cinikin, kuma tana rufe asusun sabon dillalin da bai kawo ciniki uku ba cikin kwana 180. Idan mai saye ya mayar da kaya, ana janye la'adar.

Saboda haka dillancin da ya fi kusa da hannu shi ne na gida. Manoman Jiratawa suna da zogale da kayan lambu daga filayen noman rani. Matan Tibiri da ƙauyukan kewaye suna matse man gyaɗa, suna yin ƙuli-ƙuli. Maraɗi tana da jar akuyarta da fatar da ta yi suna, ga teloli, ga masu turaren wuta, ga shagunan waya da atamfa a babbar kasuwa. Ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke da mutum ɗari biyar masu kallon hotunanta a WhatsApp tana iya ƙulla yarjejeniya da mai busar da zogale: ya ba ta lambarta, duk wanda ya yi oda daga Yamai ko Agadas ya ambaci lambar, a tura kuɗi ta NITA, a sa kaya a motar Rimbo ko STM, ita kuma a ware mata kasonta. Mai kaya bai biya kuɗin talla ba sai da ya sayar, ita kuma ba ta sa jarin sayen kaya ba.

Lissafi kafin buri

A ɗauki misali. Kaya na jaka 20, la'ada kashi 5 cikin 100, wato jaka ɗaya a kan kowane ciniki. A ce mutum 1.000 sun ga tallan, 50 sun nemi bayani, biyu sun saya. Dillali ya samu jaka biyu, kuma daga ciki zai cire kuɗin forfe da na cajin waya. Wanda zai rayu da wannan sana'a sai ya tara jama'a masu yawa, ko ya samu ƴan kaɗan da suka yarda da shi sosai a kan abu ɗaya, kamar gyaran waya, kiwon kaji ko ɗinki. Duk biyun aikin watanni ne, wani lokaci shekaru.

Inda ake cutar mutane

Tambaya ɗaya ce ke raba dillanci da yaudara: daga ina kuɗin suke fitowa? A dillancin gaskiya, shiga kyauta ne, kuma la'ada tana fitowa daga kayan da wani ya saya don yana buƙatarsa. Idan aka ce sai ka biya kuɗin shiga, sannan ribarka ta dogara da mutanen da ka jawo su ma suka biya, kuɗin na baya ne ake raba wa na gaba. Ranar da sababbin shiga suka ragu, ginin ya rushe. MMM ta yi wa ƴan Najeriya alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, da tukwicin kawo mutum, ta rufe asusun jama'a a watan Disambar 2016. CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe a watan Afrilun 2025. Wanda ya jawo ƙaninsa ko surukinsa cikin irin wannan, bayan asarar kuɗi akwai ta zumunci.

Akwai kuma lambobin rangwame na kamfanonin cacar ƙwallo da suka cika shafukan sada zumunta. A yawancin waɗannan shirye-shirye, dillali yana karɓar kaso ne daga abin da mutanen da ya kawo suka yi asara. Wanda ke nuna maka takardar da ya ci, yana roƙonka ka yi rajista da lambarsa, cinsa yana cikin faɗuwarka.

Shi ma mai kaya ana cutarsa. Akwai dillalan da ke yin odar ƙarya da sunayen ƴan'uwansu, ko su sayi mabiyan bogi don a ɗauka suna da jama'a, ko su yi wa kaya alƙawarin da mai shi bai yi ba, misali a ce garin zogale yana warkar da ciwon suga. Maganin wannan shi ne kada a biya la'ada sai kaya sun isa hannu kuma kuɗi sun shiga, sannan a rubuta wa dillali abin da zai faɗa da wanda ba zai faɗa ba.

Addini da doka

Malaman fiƙihun Malikiyya sun san irin wannan ƙulli da sunan ji'ala: a yi alƙawarin lada sananne ga wanda ya kammala wani aiki, in bai kammala ba babu lada. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambace shi tare da ijara. Sharuɗɗan da malamai ke jaddadawa su ne kayan su zama halal, ladan ya zama sananne tun farko, kuma kada a ɓoye aibi. An kuma hana najashi, wato mutum ya nuna yana son kaya alhali ba saye zai yi ba, don ya ruɗi wani. Yabon ƙarya da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton kaya ɗan'uwan wannan ne.

A wajen doka, Amurka ta wajabta wa dillali ya bayyana cewa ana biyansa. Faransa ta kafa dokar 9 ga Yunin 2023, wadda ta tilasta wa masu mabiya su rubuta a fili cewa talla suke yi, tare da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu da tarar euro 300.000. A Nijar, dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci a kan zamba ta na'urorin sadarwa. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP ke kula da ita, wadda ta shafi duk mai tara lambobin wayar jama'a ya miƙa wa wani ba da izininsu ba.

Abin da ya kamata a daidaita tun farko

Ko da kamfanin waje ne ko da mai shago a unguwa, abubuwa shida ya kamata su fito fili kafin a fara: nawa ne la'adar; a kan me ake biyanta; yaya za a gane cinikin da dillali ya kawo; yaushe za a biya kuma ta wace hanya; me zai faru idan aka mayar da kaya; wa zai amsa idan kayan suka zo da matsala. A rubuta su, ko a ajiye su a saƙon murya, a gaban shaida.

Dillali kuma ya gwada kayan da kansa, ya gaya wa mabiyansa cewa yana da kaso a ciki. A gari irin Maraɗi, inda mai saye ya san gidan mai talla kuma za su haɗu a masallaci ko wurin suna, wanda ya tallata kayan banza sau ɗaya zai daɗe kafin a sake latsa mahaɗarsa.