Shuɗin Daren Fim: Daga Ina Ya Samo Asali?

Jama'a, masu yi wa finafinanmu dariya wai darensu kullum shuɗi ne kamar an zuba bula, ku sani ba a Kano abin ya fara ba. Ya haura shekara ɗari.

Zamanin finafinai marasa murya, kyamara ba ta iya kama hoto a duhu. Sai a ɗauki "dare" da rana tsaka, daga baya a tsoma zaren fim ɗin cikin shuɗin rini, kamar dai aikin marina. Haka Murnau ya yi wa Nosferatu a Jamus a 1922. Abin dariya, da aka riƙa yaɗa kwafin da babu rinin, sai ga dodon da hasken rana ke kashewa yana yawonsa da rana gatse-gatse! Labarin gaba ɗaya ya rushe saboda rashin kala ɗaya.

Shi fa wata ba shuɗi ba ne. Hasken rana yake maido mana, sai dai ya fi shi rauni sau kusan 400,000. Idonmu ne in haske ya ragu yake daina ganin ja sosai, shuɗi da kore su rinjaya. Masanin ƙasar Cek, Purkinje, ya yi bayanin haka tun ƙarni na 19.

Amurkawa suka mayar da dabarar sana'a, har Faransawa suka sa mata suna "daren Amurka", sunan da Truffaut ya ba fim ɗinsa na 1973.

Cikin ɗaki kuwa aikin ya fi wuya, don taga ce ke tona asiri. Ana kafa rumfar baƙin yadi mai kauri a bayan tagar a tare rana ɗungurungum, a sa fitila ɗaya mai ƙarfi a cikin rumfar, a ɗaga ta sama, a ja ta nesa gwargwadon hali. Ɗaya tak, don wata ɗaya ne. Da an ga inuwa biyu a bango, an gama. Fitilun HMI na kamfanin Osram, waɗanda hasken su ke kama da na rana, sun sauƙaƙa wannan tun shekarun 1970. Sannan a kunna 'yar fitila mai ɗorawa a ɗakin, ita ce ke sa na tagar ya yi sanyi a ido. A ganina nan ake yawan kwafsawa: a maka shuɗin har fuskar jarumi ta ɓace.

Ko Mad Max: Fury Road na 2015, darensa da rana aka ɗauka a hamadar Namibiya, kwamfuta ce ta rina shi.