Kwantar da tsoho ba ya hana shi faɗuwa

Sati uku ke nan da Hajiyarmu ta zame a banɗaki da asuba za ta yi alwala. Alhamdulillahi ƙashi bai karye ba, targaɗe ne a wuyan hannu. Da muka zauna, Yaya ya yanke hukunci: daga yau ba ta ƙara sauka daga gado, komai a kai mata, har fo. Na ce Yaya a yi haƙuri, wannan hanyar an daɗe da gwada ta a gidajen kula da tsofaffi na Turai da Amurka, kuma ba ta haifi ɗa mai ido ba.

A 1935 aka miƙa wa wata likita, Marjory Warren, gidan jinyar gajiyayyu da ke jikin asibitin West Middlesex a yammacin Landan. Ta tarar da mutum 714, yawancinsu tsofaffi, da yawa a kwance an cire rai da tashinsu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, sai ta ga wasu kwanciyar ce kawai ta kashe musu ƙafa. Ta gyara hasken ɗakunan, ta sa ana tashinsu suna takawa. Da dama suka koma gidajensu da ƙafarsu.

A lokacin ana ɗaukar faɗuwa a matsayin abin da tsufa ya gada. Sai a 1960 wani likita a garin Wolverhampton na Ingila, Joseph Sheldon, ya bi diddigin faɗuwa 500 da tsofaffi suka yi, ya rarrabe dalilansu: tuntuɓe, jiri, matakala, da ƙafar da ke saki haka kawai. A 1988 kuma Mary Tinetti ta jami'ar Yale a Amurka ta nuna yadda dalilan ke haɗuwa. Cikin tsofaffin da ba su da ko ɗaya, kashi 8 cikin ɗari ne suka faɗi a shekara. Masu huɗu ko fiye, kashi 78.

Duk da haka, a shekarun 1980 kusan mutum huɗu cikin goma a gidajen tsofaffi na Amurka ɗaure su ake yi a kujera ko gado, wai don kada su faɗi. Dokar 1987 ce ta taka wa abin birki. Da aka kwance su, munanan raunuka ba su ƙaru ba. Wanda aka ɗaure naman ƙafarsa zagwanyewa yake yi, ranar da ya yunƙura kuwa faɗuwar ta fi muni. Hatta ƙarafan gefen gado, a 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa tsofaffi na maƙalewa a cikinsu har su mutu.

Har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kashi 30 zuwa 50 na mazauna irin waɗannan gidaje suna faɗuwa duk shekara. Dalilan kuwa sanannu ne: raunin ƙafa, ciwon mantuwa, yanar ido, maganin barci, maganin hawan jini da ke kawo jiri idan an miƙe da sauri, fitsarin dare, santsi da duhu. Wanda ya taɓa faɗuwa kuma shi ya fi kusa da sake faɗuwa, don tsoro na sa ya daina tafiya.

Mu nan ba kasafai muke kai iyayenmu gidan tsofaffi ba, amma jama'a ku duba jerin nan da kyau. Mu da kanmu muka shimfiɗa wa Hajiya tayil mai sheƙi, muna ganin gata ne. An ɗauke wuta, ga silifas ɗin da ya side, ga magunguna kala biyar da ba wanda ya haɗa ya kai wa likita ya duba.

Yanzu an kafa ƙarfen dafawa a banɗakin, an sa fitila mai caji da kujerar alwala, likita ya sauya mata magani ɗaya. Kullum bayan la'asar Yaya da kansa ke riƙe hannunta su zagaya tsakar gida.

Mai tsoho a gida, yau ka leƙa banɗakinsa. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.