Tarihin Karatun Taro na Littafin The Lord of the Rings: Daga Majalisar Oksfod Zuwa Ƙungiyoyin Masu Karatu

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin aikin mutum ɗaya, wanda ya keɓe a ɗaki ya rubuta, sa'an nan mai karatu shi ma ya keɓe ya karanta a zuci. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wani littafi da bai bi wannan hanya ba, watau The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien (1892-1973), wanda ake sa shi a sahun gaba cikin labaran almara na Turanci. Labari ne na wani zoben tsafi mai ba da mulkin duniya, da wahalar da wasu gajerun mutane da ake kira hobbit suka sha wajen kai shi inda za a hallaka shi. An karanta babobinsa masu yawa da babbar murya a gaban majalisa, aka yi ta muhawara a kansu, shekaru kafin a buga shi a 1954 da 1955. Tambayar da za a duba ita ce: mene ne masu sauraron nan suka ba littafin?

2.0 Asalin Majalisar

Tolkien ya koma Jami'ar Oksfod a 1925 a matsayin shehun malamin tsohon Turanci. A shekarar ne kuma C.S. Lewis (1898-1963) ya sami aikin koyarwa a Kwalejin Magdalen. Sun fara haɗuwa a wani taron malamai cikin watan Mayu na 1926. A wannan shekara Tolkien ya kafa wata ƙungiya mai suna Kolbítar, ma'ana masu cizon gawayi, watau waɗanda ke maƙale wa murhu lokacin hunturu. Aikinta shi ne karanta tsofaffin labaran Ayislan cikin harshensu na asali. Kowa zai ja nasa rabo ya fassara, gwani ya ɗauki shafuka, ɗan koyo ya ɗauki 'yan layuka. Duk wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zaure ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba.

A nan ne Tolkien ya gane cewa Lewis mai sha'awar irin waɗannan labarai ne, har a ƙarshen 1929 ya ba shi wata doguwar waƙa da ya daɗe yana rubutawa a ɓoye. Lewis ya yaba, daga baya ya aiko da sharhi mai shafi 14 wanda ya tsara cikin raha, kamar wasu malamai ne ke jayayya a kan wani tsohon rubutu. Tolkien ya karɓi gyare-gyare da dama. Sunan Inklings da majalisar ta shahara da shi aro ne daga wata ƙungiyar ɗalibai wadda Edward Tangye Lean ya kafa. Da ya bar jami'a a 1933 ƙungiyar ta mutu, sai abokan Lewis suka gaji sunan.

3.0 Yadda Ake Zama

Majalisar ba ta da shugaba, ba ta da tsarin mulki, ba a kuma rubuta rahoton taro. Abin da aka sani game da ita ya fito ne daga wasiƙun 'yan majalisar, da littafin tarihin yau da kullum na Warren Lewis, yayan C.S. Lewis, da abin da wasunsu suka tuna daga baya. Sukan haɗu a ɗakin Lewis a Magdalen ran Alhamis da dare. Warren ya dafa shayi, a kunna lofe, sai Lewis ya tambaya ko akwai mai abin karantawa. Wanda ya zo da rubutu ya karanta, da ya dire kuma a hau shi da yabo ko suka, ba sani ba sabo. Ran Talata da hantsi akwai wani zaman a wata mashaya mai suna Eagle and Child, amma wannan na hira ne kawai.

Cikin mahalarta akwai Owen Barfield, lauya kuma masanin falsafar harshe, da Hugo Dyson da Nevill Coghill, malaman adabi, da likita R.E. Havard. Charles Williams ya shigo sosai a 1939, sa'ad da yaƙi ya sa kamfanin ɗab'in jami'a ya ɗauke ma'aikatansa daga Landan zuwa Oksfod. Babu mace ko ɗaya a cikinsu, kuma wannan giɓi ne da bai kamata mai nazarin tarihinsu ya tsallake ba.

4.0 Littafin a Gaban Masu Sauraro

An buga The Hobbit ran 21 ga Satumba, 1937. Da ya sami kasuwa, kamfanin Allen & Unwin ya nemi ci gabansa, Tolkien ya fara rubutawa a Disambar shekarar. Bai gama ba sai 1949. A tsawon shekarun nan 'yan majalisa ba su san littafin da wani suna ba sai sabon Hobbit.

Wajibi ne a san halin marubucin kafin a fahimci amfanin majalisar gare shi. Tolkien mutum ne mai wuyar gama aiki. Yakan bar labari ya koma ƙirƙirar harsuna, ko zanen taswira, ko daidaita kwanan wata da tsayuwar wata a cikin labarin. Shi da kansa ya faɗa cewa da ya kawo matafiyansa bakin wani kabari a cikin ma'adinan Moria, sai ya tsaya cik kusan shekara guda. Daga baya ma littafin ya sake kwantawa, har sai da Lewis ya matsa masa lamba ya koma kansa a watan Afrilu na 1944. Cikin wata biyu ya rubuta kashi na huɗu, mai ba da labarin tafiyar Frodo da baransa Sam zuwa ƙasar maƙiyi. Yana gama babi sai ya karanta wa Lewis da Williams, a kuma aika kwafi ga ɗansa Christopher, wanda ke koyon tuƙin jirgin yaƙi a Afirka ta Kudu. A wata wasiƙa ta watan Mayu ya gaya wa ɗan nasa cewa babin ƙarshe ya sa Lewis hawaye. Saurin nan ba halin Tolkien ba ne. A ganina sanin cewa akwai masu jiran babi na gaba shi ya kawo shi.

Gyara na zahiri kuwa kaɗan ne za a iya nunawa da yatsa, amma akwai shi. Tun 1938 Lewis ya koka cewa hirar barkwanci ta 'yan hobbit ta yi yawa. A 1967 Tolkien ya amsa cewa ya rage irin wannan hira a babin da masihirtan nan biyu, Gandalf da Saruman, suka yi arangama, ko da yake ya ƙara da cewa bai ga alamar lokaci ya gaskata Lewis ba. Haka nan ya cire wani babin rufewa da ke nuna Sam cikin 'ya'yansa, domin waɗanda suka karanta shi sun kushe shi. Sai a 1992 Christopher ya buga shi cikin littafin Sauron Defeated.

Malamai sun yi saɓani a kan nauyin waɗannan hujjoji. Humphrey Carpenter, a littafinsa The Inklings na 1978, ya karkata ga cewa tasirinsu a kan juna bai taka kara ya karya ba. Yana da madogara, don Lewis ya rubuta a 1959 cewa ba mai iya tanƙwara Tolkien: in an soki aikinsa, ko dai ya yi kunnen uwar shegu, ko ya rushe kome ya sake daga farko. Diana Pavlac Glyer, a The Company They Keep na 2007, ta ƙalubalanci wannan ra'ayi, tana cewa an taƙaita ma'anar tasiri ga aron jigo da salo, an manta da mai ƙarfafa gwiwa da mai gardama da mai gyara. Hujjarta ta fi ƙarfi. Ai mutumin da suka ke sa shi rushe aiki ya sake, ba za a ce sukar ba ta taɓa shi ba.

5.0 Mutuwar Zaman Alhamis

Ba kowa ne ke son littafin ba. Tolkien ba gwanin karatu a bainar jama'a ba ne, yana da sauri, maganarsa kuma ba ta fita sosai, shi ya sa da Christopher ya dawo daga soja aka riƙa ba shi karatun. Dyson ya fi son hira da a zauna shiru ana sauraro, kuma ya gaji da labarin jinsin elf, wasu halittu masu kama da aljanu. Christopher ya tuna shi kishingiɗe bisa kujera yana kururuwar ya ƙoshi da su. Warren ya rubuta a Afrilun 1947 cewa Dyson ya shigo daidai za a fara sabon babi, dole aka fasa, domin an riga an ba shi ikon hanawa. Ke nan kan littafin ya kammala, Tolkien ya rasa wurin karanta shi muddin Dyson yana nan.

Sauran dalilai sun taru. Williams ya rasu a Mayun 1945. Tolkien kuma bai ɓoye ƙin da ya yi wa labarin Narnia na Lewis ba, wanda aka buga littafinsa na farko a 1950. Wata Alhamis cikin Oktobar 1949 Warren ya rubuta cewa ba wanda ya zo, daga nan zaman dare bai sake tashi ba. Hirar mashaya ita ce ta ɗore har rasuwar Lewis a 1963.

6.0 Bayan Bugawa

Karatun taro ya dawo ta wata fuska a Amurka. A 1965 kamfanin Ace Books ya fitar da bugu mai araha ba da iznin marubucin ba, kamfanin Ballantine ya biyo da halattaccen bugu, littafin ya cika hannun ɗalibai. A shekarar Richard Plotz, ɗalibin sakandare a Niyok, ya kafa Tolkien Society of America. A 1967 Glen GoodKnight ya kafa Mythopoeic Society a Kalifoniya, wadda ta ginu bisa ƙananan rukunoni masu haɗuwa a tattauna littattafan Tolkien da Lewis da Williams. Vera Chapman ta kafa ta Ingila a 1969, kuma daga 2003 wannan ƙungiya ta keɓe 25 ga Maris a matsayin ranar karanta Tolkien, ranar da aka hallaka zoben a cikin labarin.

Akwai bambanci babba tsakanin zaman biyu. 'Yan Oksfod sun saurari littafin da bai bushe ba, maganarsu tana iya sauya shi ko ta tsai da shi. Na baya sun tarar da shi a ɗaure, sai dai su fassara shi ga junansu. Amma shaida mafi ƙarfi game da zaman farko ta hannun na biyu ta zo mana. A Satumbar 1965 Tolkien ya amsa wasiƙar Plotz, ya bayyana masa cewa bashin Lewis da ke kansa, wanda ba zai iya biya ba, na ƙarfafa gwiwa ne, domin Lewis ya daɗe yana shi kaɗai ne mai sauraronsa, kuma ba don nacinsa na neman ƙari ba da littafin bai kai ƙarshe ba.